Tuƙi a Rairayi, Burji da Taɓo: Tambayoyi da Amsoshi kan Maɓallin Tsarin Daji

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu Hilux, Prado, Land Cruiser da ƙananan jif-jif, musamman waɗanda aiki ko gona ko zumunci ke kai su inda kwalta ta ƙare: ƙauyukan Yusufari da Machina a Yobe, jigayin Maigatari, hanyoyin Gure da Tanut a Nijar, ko fadamun da ke komawa caɓi da damina. Motoci sun bambanta, don haka duk inda aka ambaci lamba a nan, littafin motarka ne mai magana ta ƙarshe.

Mene ne ainihin wannan tsarin daji da ke cikin sababbin motoci?

A motar zamani, kwamfuta ce ke zaune tsakanin ƙafarka da inji. An saita ta ne don kwalta: da ta ji wata taya ta fara juyawa a banza, sai ta rage wuta ta kuma kama tayar da birki. A kan titi wannan ceton rai ne. A cikin rairayi kuwa shi ke kashe wa mota gudu daidai lokacin da take buƙatarsa, don babu yadda za a yi taya ta ratsa yashi ba ta ɗan zame ba.

Tsarin daji umarni ne kake ba kwamfutar cewa ƙasa ta canja. Idan ka zaɓe shi, tana sauya yadda totur ke amsa ƙafa, da lokacin da giyar atomatik za ta canja, da yawan juyawar da za ta ƙyale taya ta yi kafin ta sa baki, da yadda birkin ABS, mai hana taya ƙamewa idan an taka birki, ke kamawa. Land Rover ta fito da nata, Terrain Response, a kan Discovery 3 a 2004. Na Toyota sunansa Multi-Terrain Select, sauran kamfanoni ma kowa da nasa sunan. Abin da maɓallin ba ya yi shi ne ya rage maka kaya, ko ya sauya maka taya, ko ya hango ramin da ke bayan tudu. Yawancin waɗanda ke kafewa da mota mai tsada a nan suke ruɗuwa.

Shi ne abu ɗaya da H4 da L4?

A'a. H2, H4 da L4 aikin ƙarfe ne, giyoyi ne na gaske a ƙarƙashin mota. H2 na nufin ƙafafun baya kaɗai ke ja. H4 na haɗa na gaba, duka huɗun su ja tare, gudu yana nan yadda yake. L4 kuma tana rage gudu ta ninka ƙarfi. A Hilux da Land Cruiser ninkin ya kai wajen biyu da rabi. Tsarin daji yana hawa ne a kan waɗannan. Idan ka murɗa zuwa Sand, zaɓin rairayi, alhali mota tana H2, ka ba da umarni ne ga ƙafa biyu. A motocin Toyota da dama ma wasu zaɓuɓɓukan ba sa buɗewa sai an shiga L4.

Tsohuwar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, da ba ta da ko maɓalli ɗaya, sai ƙaramar sandar giya a gefen babba, ita ce ta shekara da shekaru tana zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku. Rashin tsarin daji bai hana mota shiga daji.

To yaushe zan sa H4, yaushe kuma L4?

H4 ta burji ce da tsakuwa da rairayi marar zurfi, inda za ka iya tafiya da ɗan gudu. L4 ta rairayi mai zurfi ce, da hawa ko gangara mai tsanani, da duwatsu, da tayar da mota mai nauyin kaya daga wuri mai taushi. Idan ka ji inji yana nishi a H4, ko kana yawan wasa da kuloci don kada mota ta mutu, lokacin L4 ya yi. A mota mai giyar hannu, giya ta biyu ko ta uku a L4 ce ta fi dacewa da yashi. Ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, sai ta tona rami.

Abin da ya fi komai muhimmanci: a sa kafin a shiga. Ka hango wurin, ka tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi, ka gama saitinka, sannan ka shiga.

Yaya ake canjawa ba tare da an ɓata wani abu ba?

Daga H2 zuwa H4 yawancin motocin yanzu suna yarda a canja ana tafiya, muddin sitiyari na tsaye kuma ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur. Kada ka taɓa canjawa lokacin da tayoyin baya ke juyawa a banza na gaba kuma suna tsaye. Haƙoran giya ne za su ji a jikinsu. L4 kuwa sai an tsaya cak. A atomatik ka sa N, a giyar hannu ka taka kuloci har ƙasa, sannan ka murɗa. Idan fitilar alamar tana ƙyaftawa, ba ta shiga ba tukuna. Ka ɗan matsa gaba ko baya kaɗan har ta tsaya.

Wasu Land Cruiser a-kori-kura suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, an rubuta Free da Lock. Sai ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa Lock. In ba haka ba, fitila za ta nuna ƙafa huɗu amma biyu ke aiki.

Me ya sa ake hana barin H4 a kan kwalta?

Idan mota ta sha kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya mai tsawo. A motoci irin Hilux da Land Cruiser a-kori-kura, H4 tana ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida. A kan yashi taya tana ɗan zamewa ta sauke wannan bambanci. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai matsin ya taru a farfela da akwatin giya. Alamarsa sitiyari ya yi tauri, taya tana kuka a kwana, mota tana tirjewa, giya kuma ta ƙi fita.

Prado da manyan Land Cruiser irin su 200 da 300 daban suke: kullum ƙafa huɗu suke ja, suna da na'ura a tsakiya da ke raba bambancin. Abin da ba a so a bari a kunne a kansu bisa kwalta shi ne makullin tsakiyar.

Wane zaɓi ya dace da wace ƙasa?

Sand na rairayi ne: yana sakin taya ta juya, yana riƙe giya kada ta canja da wuri. Mud na taɓo ne, shi ma yana barin taya ta juya don ta watsar da lakar da ta cika mata haƙora. A motoci da yawa an haɗe su wuri ɗaya, Mud & Sand. Dirt ko Gravel na burji da tsakuwa ne, yana tausasa totur don kada baya ya riƙa wutsil-wutsil. Rock na duwatsu ne, kuma shi akasin Sand yake yi: da taya ta ɗaga sama ko ta zame, nan take yake kama ta ya tura ƙarfi ga wadda ke ƙasa. Saboda haka sa Rock cikin rairayi kafewa ce da gangan. Inda akwai Auto, ya isa ga hanyar ƙauye ta yau da kullum, amma idan ka hango yashi mai zurfi gara ka zaɓa da kanka, don shi sai ya ji zamewa yake gane inda yake.

Motata tokumbo ce, maɓallin da ke ciki Snow kawai aka rubuta. Zai yi aikin yashi?

Ba zai yi ba. An yi shi ne don ƙanƙarar Amurka da Kanada. Aikinsa ya kashe kaifin totur, a wasu motocin ma ya tayar da mota a giya ta biyu, don kada taya ta juya ko kaɗan. Rairayi kishiyar haka yake so. Yana iya ɗan taimakawa a hanyar da aka yi wa yayyafi ta yi santsi a sama amma ƙasanta da ƙarfi. A yashi kuwa bar shi a kashe, ka duba amsar da ke ƙasa kan kashe na'urar hana zamewa.

RAV4, Highlander da CR-V fa? Ai su ma an rubuta musu AWD, wato ja da duka ƙafafu.

Waɗannan asalinsu ƙafafun gaba ne ke ja, sai an ji zamewa ake tura ƙarfi baya. Ba su da L4, cikinsu ya fi kusa da ƙasa, kuma na'urar da ke haɗa baya tana ɗaukar zafi idan aka daɗe ana wahalar da ita, har ta janye ta bar ka da ƙafa biyu. Wasu RAV4 na shekarun 2006 zuwa 2012 suna da maɓallin Lock, wanda ke sakin kansa da gudu ya haura kilomita 40 a awa. Sababbin kuma wasu suna zuwa da Mud & Sand. Burji, hanyar gona da guntun yashi duk za su wuce da kai lafiya. Hanyar da manyan motoci suka haƙa sawu mai zurfi, tudun tsakiya ya taso, nan ne ba wurinsu ba. Cikin motar ne zai zauna a ƙasa tayoyi su rataye.

An ce rage iskar taya ya fi kowane maɓalli amfani. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma da za a ce a ɗauki abu ɗaya tak daga wannan shafi, shi zan ce a ɗauka. Taya mai iska taf tana caka yashi ne ta tara tudu a gabanta, sai mota ta yi ta fama da hawan da ita ta gina wa kanta. Idan aka rage iska, inda tayar ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyi ya bazu, ta hau saman yashin kamar tafin raƙumi.

Yawancin waɗannan motoci suna tafiya da iska 30 zuwa 35 a kwalta, bisa gejin da masu faci ke amfani da shi a Najeriya. A gejin Nijar wajen bar 2 zuwa 2.4 ke nan. Don rairayi an saba saukewa zuwa 18 ko 20. Idan ya yi laushi ƙwarai ko an riga an kafe, a kan sauka har 15, wato kusan bar 1. Mota mai kaya da yawa ba a sauke ta kamar wadda ba kowa ciki.

Yadda ake yi: ka tsaya a wuri mai ƙarfi, ka kwance murfin bawul ka jefa aljihu, don in ya faɗa yashi ka yi sallama da shi. Ka danna ɗan tsinken da ke ciki, iska tana fita, kana ɗagawa kana ɗora geji. Kada ka yarda da ido. Tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta ba ta nuna ba. Duka huɗun za ka yi. Fitilar gargaɗin iskar taya za ta kama a dashbod, ba komai, ta san abin da ta gani. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka sauke iskar da ba ka da famfon mayarwa.

Babu haɗari a tafiya da taya mai ƙarancin iska?

Akwai, har kashi uku. Na farko zafi: gefen tayar yana ta lanƙwasa, da gudu ya yi yawa sai ta yi zafi ta fashe, ko ta lalace daga ciki ta jira ka a kwalta. A iska 18 kada ka haura kilomita 40 zuwa 50 a awa. Na biyu, shan kwana da ƙarfi na iya zare bakin taya daga rim, iska ta fita gaba ɗaya, kuma haka na iya kifar da mota. Na uku, gefen da ya buɗo waje ba shi da kauri, kututture ko ƙayar aduwa ko tsinin dutse sai su yanka shi, gefen taya kuma ba ya facin kirki.

Taya mai tub ba ta jure sauke iska kamar marar tub, don tub ɗin na gogayya ya tsinke. Manyan jif masu rim 20 da siririyar taya su ma ba su da gefen da za a sauke. Kyansu na cikin gari ne.

Yaya ake tuƙin rairayin shi kansa?

Da ƙafa mai sanyi. Ka tashi a hankali, ka kai gudu matsakaici, ka riƙe shi. Abin da ke ratsa da mota shi ne tafiyar da ba ta yankewa. Gudun wuce sa'a kuwa shi ke jefa ta rami ko ya wuntsila ta. Mai giyar hannu ya zaɓi giyarsa tun kafin ya shiga, don daidai lokacin da ya taka kuloci yashi ke riƙe mota. Mai atomatik yana iya kulle ta a 2 ko 3 ta daina hawa da sauka.

Bi sawun motocin da suka riga ka, sun danne maka ƙasa, sai dai in sawun ya zurfafa har tsakiyarsa na goge cikin mota. Kwana a sha ta da faɗi, don tayar gaba da aka murɗe sosai tana tura yashi ne maimakon ta juya. Manyan yatsunka su kasance a wajen sitiyari. Idan taya ta daki kututture, sitiyarin na iya fizgewa ya targaɗa su. In za ka tsaya, ka ɗaga ƙafa mota ta tsaya da kanta, don birki mai ƙarfi yana tara tudu a gaban kowace taya. Ka nemi wuri mai ƙarfi, ko inda hancin mota zai kalli gangara.

Lokaci ma na da nasa. Da asuba zuwa hantsi rairayi yana da sanyi da ɗan danshi, ya fi ɗaukar mota. Da tsakar rana ya saki, ga shi babu inuwar da za ta nuna maka rami da tudu, komai ya zama fari fat. Tsofaffin direbobin sahara ba don son barci suke yada zango da rana ba.

In kashe na'urar hana zamewa ke nan?

Idan motarka tana da Sand, ya riga ya sassauta ta, ba sai ka taɓa ba. Idan ba ta da shi, kuma kana jin kana taka totur mota tana ƙin amsawa, fitila mai hoton mota da layuka biyu a karkace tana ƙyaftawa, to ita ce ke riƙe ka. A Toyota da yawa danna maɓallinta sau ɗaya na kashe TRC, mai hana taya juyawa a banza, riƙe maɓallin na daƙiƙa uku mota na tsaye kuma na kashe VSC, mai hana mota wulwula baya. Shiga L4 ma a motoci da dama yana kashe VSC da kansa.

Amma a kashe don guntun wurin kawai. Wannan na'ura ita ce ke hana doguwar mota juyewa idan ta fara wulwula baya. Da ka fita zuwa burji inda za ka ƙara gudu, mayar da ita.

Burji mai gargada fa? Direbobi na cewa in ka taka sosai ba ka jin ta.

Ba ka jin ta ne saboda tayoyin suna tsallake ramukan, wato rabin lokaci ba sa kan ƙasa. Jiki ya huta, amma birki da sitiyari sun rage kamu. Kwana ɗaya ko akuya ɗaya ta isa. Ka sa H4 da Dirt in akwai, ka ɗan rage iska zuwa wajen 26 ko 28, ka bar VSC a kunne, ka rage gudu tun kafin kwana. Birki a tsakuwa ya fi na kwalta nisan tsayawa ko da ABS, don haka ka ninka tazara, kada kuma ka shiga ƙurar motar gaba da niyyar wuce ta.

Yaya ake hawa da sauka daga tudun rairayi?

Kai tsaye, sama ko ƙasa, ba a karkace ba. Tudun da iska ta tara fuska biyu gare shi: wadda iska ke bugawa tana da sauƙin hawa da ƙarfi, ta bayan kuma tsaye take da laushi, karkatarta ta haura digiri 30. Daga ƙasa ba ka ganin ta bayan. Shi ya sa ake ɗaga ƙafa dab da ƙololuwa, kuma wurin da ba ka sani ba ka sauka ka taka da ƙafa ka leƙa. Masu zuwa kallon tuddan Tulo-Tulo su riƙe wannan.

Idan mota ta kasa kaiwa, kada ka yi yunƙurin juyawa a kan tudu. Nan ake kifewa. Sa ribas, ka sauko a kan sawunka, mota na cikin giya, ka sake ɗaukar hanya ko ka ƙara rage iska. Wajen gangara ka sa L4 da ƙaramar giya inji ya riƙe ta, ba furi, ba taka kuloci. In baya ya fara zamewa gefe, ɗan totur kaɗan ke miƙar da ita, birki ƙara karkatar da ita yake. Maɓallin DAC ko HDC, mai hoton mota a gangara, yana riƙe gudun da kansa, kuma ya fi amfani a gangaren dutse da burji.

Da damina fa, taɓo da ruwa?

Taɓo ya fi yashi mugunta, don ba ka san zurfinsa ba sai ka caka sanda. Baƙar ƙasar firgi ta gabashin Barno, idan ta sha ruwa, ba maɓallin da ke da maganinta. A jira ta sha iska. A taɓon da za a iya ratsawa, sa Mud da L4, giya ta biyu, ka riƙe tafiya. In ta fara tsayawa, ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama don gefen haƙoran taya ya sami abin kamawa.

Ruwa kuwa ba ruwan tsarin daji da shi. Iyakar da Toyota ta ba Hilux ta yanzu ita ce santimita 70, a ruwa mai kwance, ƙananan jif ba su kai haka ba. Ƙorama mai gudu, ko ba ta kai gwiwa ba, tana iya kwashe mota, ga shi tana cinye ƙasan hanya ba a gani. Irin ruwan nan yakan janye cikin 'yan awoyi. In ka tsallake ruwa mai kwance, ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya har ya bushe.

Mene ne amfanin makullin aksul da Crawl Control? Kuma me ya sa motar ke ƙara kamar za ta karye?

Makullin aksul na baya yana tilasta wa tayoyin baya biyu su juya tare, ko da ɗaya tana lilo a sama. A tsaye ake sa shi, a Hilux da yawa sai an shiga L4, kuma Toyota ta ce kada a haura kilomita 8 a awa da shi. Mota ba ta son shan kwana idan yana kunne, ABS ma yakan daina aiki. Da ka fita daga wurin ka cire.

Crawl Control, wanda ya zo da Land Cruiser 200 a 2007, shi ke riƙe totur da birki, kai sitiyari kawai za ka kula. A L4 yake aiki. Ƙarar gaf-gaf da karkarwar da kake ji na'urar birki ce ke kama tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba lalacewa ba ce. Yakan fitar da motar da ba ta nutse sosai ba. In ya daɗe yana aiki zai yi zafi ya tsaya da kansa, sai a ba shi lokaci ya huce.

Mota ta kafe. Me zan fara yi?

Ɗaga ƙafarka. Da ka ji tafiya ta tsaya tayoyi na juyawa, duk daƙiƙar da ka ƙara kana takawa nutsewa kake. Gwada ribas a hankali a kan sawunka, sitiyari a miƙe. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ta ƙi, kowa ya sauka, a sauke kaya masu nauyi, a rage iska zuwa 15, a tabbata L4 ta shiga da gaske.

Sai shebur. Ba gaban taya ɗaya ake haƙa ba. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: in aksul ko cikin mota ya zauna a kan yashi, sai an kwashe har ka hango haske ta ɗaya gefen. Sannan a share wa kowace taya hanya mai gangara a hankali ta ɓangaren da za a fita. A cusa farantin yashi, wato falle mai ƙarfi da taya ke hawa ta fita, ko katako, ko tabarmar ƙafa ta mota, ya shiga ƙarƙashin tayar sosai. In ta nutse ƙwarai, a ɗora jak a kan faffaɗan katako, a ɗaga, a cika ramin, a sauke. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak. Wajen fita a taka a hankali, kuma kada a tsaya sai an kai ƙasa mai ƙarfi. Masu turi su kauce wa bayan taya, don katakon da aka cusa yakan fito da gudu.

In wata mota za ta ja ni, ina za a ɗaura igiya?

A ƙugiyar da aka ɗaure da jikin shasi don wannan aiki. Ba a bamba ba, ba a aksul ba, kuma ko kusa ba a dunƙulen ƙarfen jan tirela ba: yana karyewa ya tashi ya fasa gilashi, ya sha kashe mutane. Sarƙa da wayar ƙarfe ba a fizga da su, a hankali ake ja. A yi haƙan da aka bayyana a sama tukuna don jan ya yi sauƙi, a yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, a kori 'yan kallo, musamman yara, su yi nisan da ya fi tsawon igiyar. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba direbobin biyu alama.

Fitilar zafin giya ta kama ina tsakiyar yashi. In kashe mota?

Kada ka kashe. Nemi wuri mai ƙarfi ka tsaya, sa P, bar inji yana aiki a hankali har fitilar ta mutu. Wannan yawanci alama ce ta an daɗe ana jan atomatik a H4 inda L4 ta kamata. In allurar zafin inji ce ta hau, kashe AC, juya hancin mota ya fuskanci iska, kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Da rani a kula da inda ake tsayawa: salansa mai zafi a kan busasshiyar ciyawa tana tayar da gobara.

Lodi da fasinja suna canja lissafin?

Ƙwarai. Kwamfutar an saita ta ne bisa nauyin da kamfani ya yarda da shi. Jarkoki da buhuna da aka jibga sama, ga mutane a kansu, suna ɗaga nauyin mota sama, karkatar da da ba komai ba ce sai ta kifar da ita. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da tsakiya, a ɗaure. Na ciki su sa bel ko ana tafiyar hawainiya. Wurin hawa ko gangara mai wuya, na bayan a-kori-kura su sauka su taka.

Me ya kamata ya kasance cikin mota kafin a bar kwalta?

Geji, famfon iska, shebur, faffaɗan katako, igiyar ja mai kyau, safaya mai lafiya, da ruwan sha fiye da yadda kake zaton za a buƙata. Mai ma a ƙara, don rairayi mai laushi na iya kusan ninka shan mota. Doguwar tafiya ba a yin ta da mota ɗaya. A sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin isa, a tambayi mutanen garin ƙarshe halin hanya da na tsaro. In mota ta lalace a wurin da ba kowa, a zauna kusa da ita. Ta fi mutum sauƙin hangowa.

Na dawo kwalta. Sai me?

Tsaya a gefe ka mayar da iska yadda take. In famfonka ya gaza, lallaɓa a hankali zuwa mai faci na farko. Cire makullin aksul da na tsakiya, fita daga L4 kamar yadda ka shiga, koma H2, mayar da tsarin zuwa Normal, ka tabbata fitilar VSC OFF ta mutu. In H4 ta ƙi saki, ɗan yi ribas na 'yan mitoci a miƙe. Zagaya ka duba gefen tayoyi ko akwai yanka ko kumburi, ka leƙa ƙasa ko ciyawa ta naɗe a farfela.

A gida a wanke lakar da ta maƙale cikin rim, don ita ke sa sitiyari rawa a kan gudu, a kakkaɓe matatar iska, bakanike ya duba man aksul in an shiga ruwa. In ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a canja. Wanda kuma motarsa ba ta fita gari, Toyota na ba da shawarar a yi wajen kilomita 16 a H4 kowane wata, a kan burji ko turɓaya, don mai ya zagaya kayan ƙafafun gaba.